Ya Tafi Misra, Ya Bar Ni da Gadin Tumatirinsa

Assalamu alaikum Malam Sodangi. Don Allah ka taimaka mani da shawara, kuma ka sakaya sunana, duk da na san a Kurfi ko rabin labarin nan aka ji an gane ko wane ne. Shekarata hamsin da tara. Malamin Arabiyya ne ni a firamare, na yi ritaya bara waccan. Ban taɓa zaton zan kai damuwata jarida ba, ni da mutane ke kawo ma tasu har zaure. Amma wata biyu ke nan abin nan yana cina, kuma mutum ɗaya da na saba gaya ma irin wannan magana, shi ne ya yi mani abin.

A Wurma aka haife ni. Mahaifina malami ne, yana da makarantar allo da ta ilimi. Littattafanshi masu takardar nan ruwan ɗorawa kusan duk a Misra aka buga su. Ina ƙarami na tambaye shi ina ne Misra, ya ce mani can ne ake da wani masallaci da aka shekara dubu ana karatu a cikinshi ba a tashi ba. Shi bai je ba har Allah ya karɓi ranshi. Ni kuwa tun daga ranar abin ya shiga raina. Hajji na samu na yi, alhamdu lillahi, amma Misra daban take a zuciyata. Ina son in zauna a masallacin Azhar in ji ana ba da karatu, in shiga kasuwar littattafai, in tsaya bakin kogin Nilu. Na yi maganar har ta zame mani suna, a gari wasu Malam na Misra suke ce mani.

Akwai abokina, bari in kira shi Mahmuda, ba sunanshi ba ne. Ɗan maƙwabcinmu ne, gidansu manoma ne, tare muka yi karatun allo gaban mahaifina. Da ya girma ya koma Dutsin-Ma yana noman rani wajen dam ɗin Zobe, Allah kuma ya buɗa mashi. Ranar da muka binne mahaifina, muna dawowa daga maƙabarta, ya riƙe hannuna ya ce, "Tare za mu je Misrar nan, mu yi ma Malam addu'a a can." Ban roƙe shi ba, Malam Sodangi. Shi ya faɗa da bakinshi, ni kuma na riƙe maganar kamar wasiyya.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce muka je Katsina tare muka yi fasfo. Mun gama shiri sai matarshi ta fari ta kwanta ciwo, ta rasu. Na ce ba inda za ni in bar shi cikin wannan hali. Muka ɗaga. Shekarar da ta biyo ana tantance malamai a wurin aikinmu, na ga ba lokacin neman hutu ba ne. Daga baya ya tashi aurar da ɗiyarshi, ya ce in yi haƙuri sai an gama, na haƙura. Sai annobar korona ta rufe ko'ina, fasfo ɗinmu ma ya mutu muka sabunta. Bayan nan ruwa ya kada mani katanga da ɗaki guda, na ce sai na gyara. Da na yi ritaya kuma na ce bari in ga yadda zaman zai kasance tukuna. Akwai lokacin da wani ɗalibina da ke karatu can ya ce in taho ni kaɗai, zai tarbe ni ya sauke ni. Na ce mashi ina da alkawari da wani, ba ni taka Misra sai da shi. Bara ma bayan babbar Sallah Mahmuda ya zo gida ya matsa mu tafi, na ce ya bari a gama bikin ɗana Zaharaddin. Ka ga dai kullum maganarmu tare ce.

To a watan Janairun bana ya kira ni ya ce ba ya jin daɗin jikinshi, za shi asibiti Kano a yi mashi gwaje-gwaje, ɗanshi Siddiq zai raka shi, ƙila su yi sati ukku. Ya ce tumatirinshi ya fara 'ya'ya, ba wanda ya yarda da shi kamata, in riƙa leƙa mashi gonar. Na ce ya tafi hankali kwance. Na ce zan biyo shi Kano in duba shi, ya ce kar in wahalar da kaina, gonar ta fi buƙatata.

Sau ukku a sati nake hawa mashin daga Kurfi, a kan hanyar nan da kowa ya san halin da take ciki, ga idona ba lafiya ba. Don shekara biyu ke nan likita ya ce mani ina da hawan jinin ido, ganin yana raguwa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Haka nake zuwa. Da tsutsa ta faɗa ma tumatirin, ni na tsaya a kan masu feshi har aka ceto shi. Da injin ban ruwa ya lalace ni na nemo mai gyara. Ranar Juma'a na tashi a masallacinmu na roƙi liman da jama'a su yi ma ɗan'uwana addu'a, yana kwance asibiti Kano. Matata Yahanasu ta yi abincin sadaka. In ya kira ni ta WhatsApp yake kira, ya ce layin waya ba ya shiga ɗakin da yake. Ban kawo komai a raina ba.

A sati na ukku na je suna a Kuki. Muna zaune kan tabarma ana raba goro, sai wani mutum da ya san mu duka ya miƙo mani wayarshi ya ce, "Malam na Misra, ashe abokinka ya riga ka." Na karɓa na matso da ita kusa da idona. Hoto ne Siddiq ya ɗora a shafinshi na sada zumunta. Ga Mahmuda tsaye a farfajiyar masallacin Azhar, wurin da na san hotonshi kamar tsakar gidana. Rigar da ke jikinshi ma ni na ɗinka mashi ita lokacin bikin Zaharaddin. Mutane suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma sun yi. Wani ya ce ai ni aka bar ma gadi. Na yi murmushi na mayar da wayar. Ban san yadda na kawo kaina gida ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne da na gaya ma Yahanasu, ba ta yi mamaki ba. Ta dai sunkuyar da kai. Da na matsa, ta ce matar Mahmuda ta gaya mata tun kwana biyar da tafiyarsu, ta kuma haɗa ta da Allah kar ta faɗa mani, wai shi zai yi mani bayani da kanshi in ya dawo. Wato sati biyu tana kallona ina naɗa rawani ina hawa mashin, tana yi mani a dawo lafiya. Shekara talatin da huɗu muna tare, ban san za ta iya ɓoye mani abu irin wannan ba.

Ya dawo. Sau ukku yana zuwa ƙofar gidana, duk na ce a ce mashi ba ni nan, ya kuwa san ina ciki. Na biyun na hango shi ta kafar ƙyaure, ya rame, yana dogara sanda, Siddiq na riƙe da shi wajen shiga mota. Na ce a raina gajiyar yawon buɗe ido ce. Ya bar mani wata jaka ta tsaraba, tana nan bayan ƙofa ban buɗe ba. Ya turo saƙon murya har guda shida, ban saurari ko ɗaya ba. Yahanasu ta so ta yi mani wata magana a kanshi, na ce in ta ƙara ambatar sunanshi a gidan nan za mu ɓata. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita.

Yanzu ga inda nake. Mijin ɗiyata Fiddausi ya ce zai tsaya mani a kan biza da masauki, in tafi bana. Guzurina yana nan tun tuni, ban taɓa shi ba. Fasfo ya rage wata takwas ya sake mutuwa. Amma wallahi sha'awar ta fita raina. In na tuna Azhar sai in ga mutumin nan tsaye cikin rigata. In na je yanzu, mutane za su ce na bi sawunshi ne don haushi. Wani lokaci sai in ji kamar in kulle fasfo ɗin a akwati in manta da zancen har in mutu, kamar yadda mahaifina ya mutu bai gani ba. Shin in haƙura da tafiyar? Kuma mutumin da ya bari na tashi gaban jama'a na nema mashi addu'a a kan ƙarya, wane zama ya rage tsakaninmu? Ita kuma Yahanasu fa?

Naka,
Wanda aka bari a gona, Kurfi.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba idonka lafiya.

Zan fara da abin da kake da gaskiya a kansa, don kana da ita. Mahmuda ya yi maka ƙarya. Ya ce Kano, ya tafi Alƙahira, babban birnin Misra. Ya bar ka kana bin hanya mai haɗari da ido marar lafiya, ya kuma bari ka ji labarin a bakin wani, a tsakiyar taro. Ko mene ne dalilinsa, wannan ba daidai ba ne, kuma aboki na shekara hamsin ya cancanci a gaya masa gaskiya ko da za ta yi masa ɗaci. Ba zan ce maka bai kamata ka ji zafi ba.

Amma na karanta wasiƙarka sau biyu, a karo na biyu da biro a hannuna. Sau biyu aka ɗaga tafiyar nan saboda Mahmuda: rasuwar matarsa da auren 'yarsa. Sau ɗaya saboda annoba, wannan ba laifin kowa. Sauran huɗun naka ne: tantancewa, katanga, ritaya, bikin Zaharaddin. Kuma na ƙarshen, da bakinka ka ce ya zo har gida ya matsa. Mutumin da ya yi shekaru yana bin ka a hankali, me ya sa bara ya matsa? Ka tambaye shi a lokacin?

Sannan ka dubi abin da idonka ya gani ta kafar ƙyaure. Mutum ya rame, yana dogara sanda, ɗansa na tallafe da shi. Sati uku na yawo ba sa mayar da manomi haka. Mutanenmu da yawa suna zuwa Misra neman magani, musamman idan likitocin gida sun ce a gaggauta. Mai yiwuwa ne a sunan gari ya yi maka ƙarya, a zancen ciwo kuwa gaskiya ya faɗa, kuma addu'ar da ka roƙa masa ta same shi a kan gadon asibiti kamar yadda ka ce, sai dai ba a Kano ba. Mai yiwuwa ne kunyar ya ce maka zai shiga Misra ba tare da kai ba ta fi ƙarfinsa, ya zaɓi hanyar da ta fi sauƙi a ranar, ta fi muni daga baya. Ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, domin amsar tana cikin saƙonni shida da ka ƙi saurara, da bakin matarka da ka rufe. Idan ka saurara ka tarar yawo kawai ya je, to ka yi fushinka a kan sani. Yanzu a kan zato kake yin sa. Kai malami ne, ka fi ni sanin kwana nawa addini ya yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa, ka kuma san wata biyu sun wuce su nesa.

Game da Hajiya Yahanasu, ka sassauta. An ɗora mata amana an haɗa ta da Allah, ta rasa yadda za ta yi tsakanin rantsuwa da mijinta. Da ni ne a matsayinta, da na ce wa matar Mahmuda ba zan iya riƙe wannan ba. Amma kuskuren wanda aka saka a tsaka mai wuya daban yake da cin amana. Yau ɗin nan ka kira ta ka ce ta faɗi maganar da ka hana ta faɗa, ka yi shiru har ta kai ƙarshe.

Yanzu tafiya. Amsata gajera ce: ka je, kuma bana.

Babban dalili idonka ne. Likita ya gaya maka abin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da kake son yi a Misra kusan duk aikin ido ne: rubutun bangon masallaci, littattafai a kasuwa, faɗin kogi. Katanga ta jira an gyara ta, biki ya zo ya wuce, amma ganin da kake da shi bana ba lalle ka same shi baɗi ba. Ga ƙafa kuma. Alƙahira gari ne na tafiyar ƙasa da hawan bene, ɗan shekara sittin ya fi ɗan saba'in jin daɗinsa.

Kuma wannan buri naka ne tun kafin ya zama na ku biyu. Kana yaro ya shiga ranka, alkawarin Mahmuda daga baya ya zo ya same shi. Idan abokin tafiya ya saɓa, abin da ya lalace shi ne rakiya. Addu'ar da ka yi niyyar yi wa mahaifinka a can, hakkinsa ce a kanka, ba wanda ya sauke maka ita.

Zan faɗa maka wata magana da ƙila ba za ta yi maka daɗi ba. Shekara goma sha ɗaya kullum akwai dalili, kuma kowane dalili mai kyau ne. Ina tsoron kada wannan fushi ya zama dalili na takwas, wanda ya fi sauran ƙarfi domin shi ba ya da ranar ƙarewa. Wasu mutane idan suka daɗe da buri sai su fara jin tsoron cika shi, kada su je su tarar wurin bai kai yadda suka zana shi ba. Idan akwai wannan a ranka, bari in rage maka: ba zai kai ba. Za ka tarar da cunkoso da hayaniyar motoci, mai tasi zai nemi ya tsawwala maka, Larabcin da ake yi a titi kuma zai sa ka yi shakkar shekarun da ka yi kana koyarwa. Duk da haka za ka zauna a masallacin ka ji karatu da kunnenka, kuma wannan ba wanda zai ba ka labarinsa ya gamsar da kai.

Masu cewa ka bi sawunsa kuwa, za su faɗa na kwana biyu, ranar da ka dawo su ne za su cika maka zaure.

Ga abin da nake so ka yi. A cikin satin nan ka je Katsina ka fara sabunta fasfo, domin ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda ya rage ƙasa da wata shida. Ka ga likitan ido, ya rubuta maka takardar bayanin ciwonka, ka tanadi maganin ɗigawa da zai wuce kwanakin tafiyar. Ka bar wa surukinka zancen biza da masauki, amma ku bi ta hannun wanda aka sani, kada ku miƙa fasfo ga wanda ba shi da ofis. Ka sa rana bayan an cire amfanin gona, wajen Nuwamba, lokacin zafin can ya sauka, ka faɗa wa 'ya'yanka ranar don su hana ka sauya ta. Kada ka tafi kai kaɗai da wannan ido. In da hali ka tafi da Hajiya, ita ma ta sha jiran tafiyar nan tare da kai ba tare da an taɓa tambayarta ba.

Kafin duk wannan, ka hau mota ka je Dutsin-Ma. Ba sai ka yafe a ranar ba. Ka zauna ka ce masa ya yi maka ƙarya kuma ta yi maka ciwo, ka faɗa masa a fuskarsa, sannan ka tambaye shi jikinsa. Idan lafiyarsa ƙalau, ka yi asarar wuni ɗaya. Idan kuwa ciwon mai tsanani ne, Malam, akwai tafiyar da ta fi ta Misra gaggawa, kuma ita ba a sabunta mata fasfo. Kada ka bari a aiko maka da labari kana cikin ɗaka kana cewa a ce ba ka nan.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba marasa lafiya lafiya, ya jiƙan mahaifinka. Ya kai ka lafiya, ka gani da idonka, ka dawo wa iyalinka lafiya.

Malam Sodangi